Gamescom na tafe: ga hasashena, ga kuɗin PS5 ɗina

1/ Gamescom na tafe a watan Agusta, amma tun yanzu gardama ta kaure a ɗakinmu na hostel. Abokin zamana ya rantse sai an nuna GTA 6 a can. Na ce masa ya farka. Ku matso ku ji dalilina.

2/ Ga waɗanda ba su sani ba, Gamescom baje kolin wasannin bidiyo ne da ake yi duk shekara a birnin Kolon na Jamus. Tun da aka rufe E3 a Disamban 2023, ido ya koma kansa da Summer Game Fest na watan Yuni. A daren buɗewa ake zubo sababbin tireloli.

3/ Hasashena na farko: Rockstar ba za ta leƙo ba. Halinta ne. Tirelan GTA 6 na farko ita kaɗai ta sake shi a YouTube a Disamban 2023, na biyun ma haka a Mayun 2025. Mai kasuwa a ƙofar gida ba ya neman rumfa.

4/ Na biyu: masu jiran Elder Scrolls 6, ku ƙara haƙuri. A E3 na 2018 aka nuna mana tsaunuka da suna kawai. Lokacin ina sakandare fa.

5/ Na uku: abin mamakin daga ƙaramin kamfani zai fito. Ku tuna Silksong. An sanar da shi a 2019, aka yi shekara shida ana jira, sai a makon Gamescom na 2025 aka faɗi rana, ya fito ranar 4 ga Satumba a kan dala 20.

6/ Me ya dame ni da duk wannan? Tun ina aji biyu nake tara kuɗin PS5 na hannu daga gyaran waya, saboda GTA 6 ba zai hau PS4 ɗina ba. Abokina ya ce in saya yanzu kafin farashi ya tashi. Matsalar, cikin kuɗin nan zan yi project ɗina na ƙarshe.

7/ Kuma wasan nan sau biyu ana ɗage shi: daga 2025 zuwa Mayun 2026, sannan zuwa 19 ga Nuwamba. Ga darasin Cyberpunk 2077: Keanu Reeves ya hau dandalin E3 a 2019, kowa ya rikice, wasan ya fito a Disamban 2020 cike da matsaloli har Sony ta cire shi daga shagonta.

8/ Don haka zan sayi data, in yi cajin waya, in kalli komai in yi ihu kamar kowa. Amma kuɗina ba za su motsa ba sai na ga wasan a hannun mutane. Idan kuma aka nuna GTA 6 a Kolon, na yi wa abokina alkawarin indomi da ƙwai na sati guda.

9/ Ku fa, wane wasa kuke jira?