A Zongon Kumasi, Inda Intanet Ke Tsallake Katanga



Matafiyin da ya nufi Kumasi daga arewa, ya bi ta Paga da Bolgatanga da Tamale, ya wuce Kintampo da Techiman, zai ga ƙasa tana sauya kama a gabansa. Kuka da kaɗanya su ja da baya, kurmi ya matso bakin hanya, iska ta yi nauyi da danshi. Goron wannan kurmi ne ya jawo kakanninmu fatake tun daga Kano da Katsina. A da can ba su cika isowa Kumasi ba, a Salaga ta ƙasar Gwanja suke yada zango, domin sarakunan Asante sun fi so a yi cinikin a can. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwarta, Turawan Ingila suka kama Sarki Prempeh na Ɗaya a 1896, bayan yaƙin Yaa Asantewaa na 1900 kuma hanya ta buɗe sosai. Tun daga lokacin zangon baƙi da ke gefen birnin ya yi ta faɗi, har ya zama gari a cikin gari.

Yau idan aka ce Zongo a Kumasi, unguwanni da dama ake nufi: Tsohon Zongo da Sabon Zongo, Alabar, Akwatia Line, Aboabo, Asawase, Sawaba, duk ba su da nisa da fadar Manhyia da babbar kasuwar Kejetia. Bahaushe da Bamoshe da Badagombe da Bazabarme da Bayarabe suna sahu ɗaya a Babban Masallaci, wanda aka sabunta gininsa aka buɗe a 2023, kuma Hausa ce ke haɗa su a kasuwa da makabarta. Hausar tasu tana da nata ɗanɗano. Sau da yawa ba ta raba mace da namiji, sai ka ji an ce "matata ya tafi kasuwa", ba wanda ya ɗaga kai. Da asuba koko da ƙosai, da hantsi wake da shinkafa, wanda duk ƙasar Gana ta ara har da sunansa.

Amma abin da ya tsayar da mu shi ne tsarin gidajen. Yawancinsu gida ɗaya ne mai ɗakuna jere kewaye da tsakar gida, kowane ɗaki ko biyu da iyalinsa, famfo ɗaya, wani lokaci mitar lantarki ɗaya. Bangon wannan gida yana jingine da na wancan, lungun da ke tsakaninsu kuwa da ƙyar mutum biyu za su gifta. Akwatin intanet na gida, wanda masu sana'ar ke kira rauta, yana watsa saƙonsa ta iska har tsawon mita gommai, bai san bango ba, bai san iyakar haya ba. Da dare muka duba wayoyinmu a tsakar gidan da aka sauke mu, sai ga sunayen wayfai jere har ƙasan allo. Wani ya sa sunan gidansu, wani ya sa na ƙungiyar ƙwallonsa, wasu kuma sun bar sunan da kamfani ya sa tun ranar saye.

Mai masaukinmu dattijo ne mai sayar da yadi. Kukansa ɗaya: datar da yake saye don ta kai wata ba ta cika mako biyu. Wani ɗan ƙanensa mai gyaran waya ya buɗe mana shafin sarrafa akwatin, inda ake ganin kowace na'ura da ke haɗe da shi. Iyalin mutum bakwai ne, wayoyin da suka bayyana sun haura ashirin. Dattijon ya rantse mutum ɗaya tak ya ba kalmar sirrin, wani ɗalibi ɗan haya mai shirin jarrabawa. Ba mu ga dalilin ƙaryata shi ba. Wayoyin zamani suna iya nuna kalmar sirrin da aka ajiye a cikinsu a matsayin wani zane mai murabba'i, abokinka ya haska shi da kyamararsa ya shige, shi ma ya nuna wa nasa abokin. Akwai kuma manhajojin da samari ke saukewa don samun wayfai kyauta, waɗanda ke kwashe kalmomin sirrin da ke cikin wayar su ajiye inda duk mai irin manhajar zai samu. Ba a fasa komai ba. Kalmar ce ta yi ƙafa.

"Baba, a canja ta kawai," in ji yaron. Dattijon ya yi shiru, sannan ya ce, "To, in Malam na ɗakin ƙofa ya tambaye ni, in ce masa me?"

Nan gizo yake saƙa. A Zongo rowa abin kunya ce babba, domin garin kansa a kan saukar baƙo aka gina shi. Sai dai mun ga kamar jikoki sun manta yadda kakanni suke saukar baƙon. Maigidan fatake na da, irin wanda wata Baturiya mai suna Polly Hill ta bayyana a bincikenta na 1966 kan cinikin shanu a Kumasi, yakan ba baƙo masauki, ya adana masa dukiyarsa, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa idan an yi ciniki bashi. Saboda nauyin da ke wuyansa, ya san sunan kowane baƙo da garinsu da ranar zuwansa. Baƙon yana da wurin kwanansa da akushinsa, amma ba ya riƙe makullin ɗakin ajiya, ba ya kuma ratsa zaure zuwa cikin gida sai da sallama da izini. Ba wanda ya taɓa kiran wannan rowa.

Yawancin akwatunan yau suna da irin wannan zaure. A shafin sarrafawa akwai sashen baƙi, an rubuta masa Guest da Ingilishi ko Invité da Faransanci. Idan aka kunna shi sai wayfai na biyu ya fito da sunansa da kalmar sirrinsa dabam. Wanda ya shiga ta nan yana samun intanet, amma ba ya kaiwa ga kwamfutar gida ko kyamarar shago. A wasu akwatunan har ana iya ƙayyade yawan wayoyin da za su shiga da ƙarfin da za su ja. Malam na ɗakin ƙofa ya sami rabonsa ke nan, ɗalibi ya yi karatunsa, ranar da kalmar baƙi ta yi yawo kuma a sauya ta ba tare da an taɓa wayoyin iyali ba. Ga ra'ayinmu ma, a gidan haya ya fi dacewa a zauna a yi maganar a fili, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa a ƙarshen wata kamar yadda ake karo-karon kuɗin wuta, maimakon a bar zargi yana cin zukata.

Makullan akwatin biyu ne, mutane kuma ɗaya suka sani. Na farko kalmar shiga wayfai. Na biyu kalmar shiga shafin sarrafawa, wanda ake buɗewa ta rubuta wasu lambobi irin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, gwargwadon abin da ke manne a gindin akwatin. Akwatuna da yawa suna fitowa daga kamfani da kalmar admin a wannan gurbi, kuma duk wanda ya shiga shafin shi ne mai gida: yana iya karanta kalmar wayfai, ya sauya ta, ko ya karkatar da mutanen gidan zuwa shafukan bogi. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan na'urori a duniya da jerin irin waɗannan kalmomi na kamfani kimanin sittin kacal. Saboda haka wannan makulli ake fara sauyawa.

Kalmar wayfai kuwa tana ɗaukar harafi 8 zuwa 63, kuma tsawo ya fi wuya amfani. Lambar wayar maigida, sunan autar gida, shekarar aikin Hajji, duk maƙwabci ya san su. Kalmomi huɗu ko biyar na Hausa da ba su da dangantaka da juna, a sa lamba a tsakani, sun fi ƙarfi kuma Hajiya za ta iya riƙe su. Sai a duba irin kullen da akwatin ke aiki da shi. Tsohon nan mai suna WEP an gano rauninsa tun 2001, ana buɗe shi cikin mintoci. WPA2 na 2004 yana da kyau idan kalmar doguwa ce, WPA3 na 2018 ya fi shi. Akwatin da ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun nan, kamar wasu tsofaffin da ake samu a kayan gwanjo, ya gama aikinsa. Akwai kuma wata hanyar gaggawa mai suna WPS, wadda ke karɓar lamba takwas a madadin kalmar sirri. A ƙarshen 2011 aka nuna cewa akwatin yana duba lambar rabi-rabi, don haka gwaji kimanin 11,000 ya isa a cinko ta. A kashe ta. Ɓoye sunan wayfai, da wasu ke alfahari da shi, labule ne kawai, mai nema zai gani.

Lamarin ya wuce ƙarewar data. Tun 2021 aka shiga haɗa layukan waya a Gana da katin ɗan ƙasa, saboda haka layin da ke cikin akwatin yana ɗauke da sunan mutum guda. Damfarar intanet sananniya ce a ƙasar, har suna kiranta sakawa, kalmar da ake cewa daga Hausa aka are ta. Idan wani ya zauna a lungu ya yi ɓarnarsa ta akwatinka, ƙofarka masu bincike za su iya fara ƙwanƙwasawa, kai da ba ka san hawa ba balle sauka. Dokar hada-hadar lantarki ta 2008 ta haramta shiga na'urar wani ba da izini ba, dokar tsaron intanet ta 2020 kuma ta kafa hukuma ta musamman, wadda ke karɓar ƙorafi ta lamba 292. Ya kamata samarinmu su san haka, su kuma san cewa abin da aka saya da kuɗi ba ya halatta don kawai ya biyo iska ya shigo ɗakinka.

Abu na ƙarshe da mai gyaran wayar ya nuna mana ɗan rami ne a bayan akwatin, wanda bai fi bakin allura ba. Idan aka danna shi da tsinke na 'yan daƙiƙoƙi, komai yana komawa yadda ya fito daga kamfani, kalmar sirri ta koma wadda ke rubuce a takardar da ke manne a gindi. A gidan dattijon akwatin yana kan taga ne ta wajen tsakar gida, wai don saƙo ya fi ƙarfi, inda duk yaron da ya zo ɗibar ruwa hannunsa zai kai. A daren aka mayar da shi kan kabad a ɗakin Hajiya, aka rubuta sababbin kalmomin biyu a takarda, ta naɗe ta sa a cikin adakarta.