Sai Na Kai Inna Gungu

Mai karatu, a cikin littattafan da na rubuta na kai mutane ƙasashen da ni kaina ban taɓa takawa ba. Akwai yarinyar da na ɗauko daga Fagge na sauke ta a Dubai cikin layi biyu, ba fasfo ba biza, ta sayo gwala-gwalai ta dawo kafin babin ya ƙare. Akwai Alhajin da na sa ya karya kumallo a Landan ya ci tuwon dare a Kano. Ba wanda ya taɓa tambayata kuɗin mai. To yau ga ni wata na bakwai ke nan ina fama in kai tsohuwa guda ɗaya tal daga Kibiya zuwa ƙasar Yawuri, a cikin Najeriyar nan tamu, amma har yanzu motar ba ta wuce Tiga ba.

Tsohuwar kuwa ita ce mahaifiyata.

Inna ba 'yar Kibiya ba ce, aure ne ya kawo ta. A wani ɗan tsibiri aka haife ta a tsakiyar Kogin Kwara, ƙasa da garin Yawuri. Mutanen can gungu suke ce wa tsibiri, shi ya sa ake kiran mazauna wurin Gungawa, kuma suna da harshensu daban, Gunganci. Marigayi Baba falke ne. Da rani yakan je ya sari albasa a hannunsu, don sun shahara da nomanta a bakin ruwa, ya gangara da ita kurmi, ya hauro da goro. A wannan zirga-zirga ya ga Inna. An ɗaura musu aure a 1968, wato shekarar da aka gama madatsar ruwa ta Kainji wadda aka fara ginawa a 1964. Da aka toshe kogin sai ruwa ya yi ta hawa, ya cinye tsohon garin Busa, ya hau kan Foge wanda shi ne babban tsibirin yankin, ya bi ƙananan gungu yana lanƙwamewa. An tashi mutum fiye da dubu arba'in aka mayar da su sababbin ƙauyuka a tudu. Danginta suka koma gaɓar yamma, ita kuma Baba ya taho da ita nan ƙasar Rano, inda ruwa mafi girma a unguwarmu shi ne kududdufin bayan gida. Abokiyar zamanta, Allah ya ji ƙanta, har ta mutu 'Yar Ruwa take ce mata.

Sau ɗaya ta taɓa komawa, a 1979, ta'aziyyar mahaifiyarta, tana ɗauke da cikina. Daga nan zumunci ya yanke, mu kuma muka girma ba mu damu ba.

Bara da azumi zazzaɓi ya kwantar da ita, ya haɗu da ciwon suganta, har muka fara sallamawa. A daren da abin ya yi tsanani sai ta shiga magana da wani yare da babu wanda ya taɓa jin sa a bakinta. Matan gida suka ce aljanu ne, aka tashi yaro ya kira malam. Yaya ne ya ce a bari, wannan harshen uwarta ne. Na zauna a bakin gadon ina sauraron matar da ta haife ni tana kiran wasu mutane, tana ba su amsa, ban gane ko kalma ɗaya ba. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta wannan dare ba. Ni da nake alfahari da sanin zuciyar mata a takarda!

Da ta samu sauƙi, wata rana da yamma ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, jikokina suna karanta mini ƙaryar da kake shirgawa. Kai mai kai mutane Dubai, ba za ka iya kai ni gungu in gani kafin in mutu ba?"

Na ce, "Inna, in Allah ya yarda sai na kai ki."

Baki shi ke yanka wuya. Da farko na ɗauka abin tasha ne kawai, a biya kuɗin kujera a zauna. Amma Inna ba ta iya zaman awa biyu ba tare da ta miƙe ƙafa ba, ga cin abinci a kan lokaci, ga yawan zagayawa. Otal kuwa ta rantse ba za ta kwana a ciki ba, wai gadon da ba a san wanda ya tashi a kai ba. A nan ne na tuna wani abu da na gani muna yara. A shekarun 1980 Turawa masu yawon duniya kan keto Sahara su sauka Kano da wasu motoci masu ɗaki a ciki, wasunsu har su zo Tiga shan iska. Mukan leƙa ta taga mu ga gado da murhu da labule, mu yi ta dariya muna cewa talauci ne ya hana su gina gida. Ashe ni ma ranar tawa tana tafe.

Ina da wata tsohuwar Hiace da nake kai littattafai Sabon Gari da ita a zamanin da kasuwar littafi take kasuwa. Tun da karatu ya koma cikin waya take fake a ƙofar gida, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Na ja ta wurin bakanike a nan Rano ya tashi injin. Mai walda ya cire kujerun baya gaba ɗaya, ya haɗa mini gadon ƙarfe daidai tsawon Inna, da wurin tura kaya a ƙasansa. Uwargida ta ɗinka labule da ragowar atamfa, ta sa aka kafa ƙusoshi huɗu na gidan sauro, don ta ce sauron bakin ruwa ba ya jin magani. Muka tanadi risho, da jarkoki biyu na ruwan sha, da buta, da fo mai murfi, da ƙaramar fanka mai aiki da hasken rana. Har wata 'yar taga na sa aka huda a saman motar, wadda daga baya ruwan farko ya nuna mini wautata. Wannan ɓangaren shiri shi ne mai daɗi, kuma na lura na daɗe a kansa fiye da kima, saboda duk ranar da nake wurin mai walda ba na tunanin hanya.

Hanyar ita ce matsala. Daga Rano mu bi ta Rurum mu ɓulla Kwanar Dangora mu kama titin Zariya, wannan ba komai. Daga Zariya ne ido ke raina fata. Baba ta Birnin Gwari yake bi, ya faɗa Tegina, ya wuce Kwantagora, sai Yawuri. Yau wa zai ɗauki uwarsa ya shiga dajin Birnin Gwari da ita? In ka ce za ka zagaya ta Funtuwa da Gusau da Sakkwato, ka gangaro Jega da Koko, ka ƙara tsawon tafiya, kuma tsakanin Funtuwa da Gusau ma ba wurin yin sake ba ne. Ga mai. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta ƙara gaba. Na yi lissafi a bayan wani tsohon littafina har sau uku, kowane lissafi ya fi na baya muni. A ƙarshe na tsaya a kan zagayen, da sharaɗi biyu: ba tafiya kafin rana ta fito ko bayan la'asar, kuma ba kwana sai a cikin gari, a tashar mota ko harabar masallaci, inda akwai jama'a. Baturen da na gani yana yada zango a gindin bishiya a daji, zamaninsa daban.

Sai kuma ruwa. Ta hannun wani mai sayar da bandar kifi a Sabon Gari na samu lambar ɗan ƙanwar Inna, kuma a ranar muka ji cewa ƙanwar tana raye, sai dai idonta ya tafi. Shi ya yi mini bayani. Daga Yawuri za mu je Zamare, a nan ake fito zuwa Rofiya, ɓangaren Agwara ta Jihar Neja. Jirgin fito zai ɗauke mu har da motar, a haye da mu, sannan mu bi hanyar burji zuwa ƙauyensu. A can za mu ajiye motar ta zama masauki, kullum da safe mu shiga kwalekwale mu zaga gungun da suka rage, inda wasu 'yan uwa ke zaman su. Na tambaye shi wane lokaci ya fi. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ya danganta da abin da kuke so. In lafiyar ruwa kuke nema ku zo bayan damina, tafki ya cika ya kwanta, amma ba abin da za ku gani sai ruwa. In kuma tudun tsofaffin gungu kuke son gani, sai bazara ta yi nisa ruwa ya ja baya. To lokacin ne iskar hadari ke tasowa ba sallama, lokacin ne kuma kututturan itatuwan da ruwa ya binne suke kusa da cikin jirgi."

Wannan magana ta hana ni barci. Abin da Inna ke son gani ba ya fitowa sai a lokacin da ruwan ya fi haɗari.

Da na kai wa Yaya tsarin gaba ɗaya a Kibiya, bai ko karɓi takardar ba. Ya ce, "Neman ruwan Bagaja za ka tafi da tsohuwa?" Sannan ya shiga lissafo mini. A watan Mayun 2021 jirgi ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, a wannan tafkin dai, ɗauke da mutum fiye da ɗari. A watan Yunin shekarar aka kwashe ɗalibai a makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri. A ƙarshen Nuwamba kuma, a nan Kano, jirgi ya kife a Bagwai da yara 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi. Ya ce, "Wannan ruwan gida ne ma, ina ga Kwara? In wani abu ya same ta, da wane baki za ka yi wa 'yan uwanka bayani? Ko kuwa labari kake nema na sabon littafi?"

Maganarsa ta ƙarshe ta soke ni, don akwai ƙanshin gaskiya a ciki. Na riga na buɗe sabon littafin rubutu na sa masa suna tun kafin a gama walda. Na yi shiru. Na ce masa dai jiragen da ke nutsewa yawanci lodi ne ya wuce kima, ko tafiyar dare, ko rashin rigar kariya, kuma mu shatar jirgi za mu yi, da rana, kowa da rigarsa. Ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Muka rabu ba daɗi, har sati uku ba ya ɗaukar wayata.

Tun da ba a fafe gora ranar tafiya, na ce bari mu gwada kwana ɗaya a kusa. Wata ranar Asabar na ɗauki Inna da uwargida da babban ɗana muka nufi Tiga, muka faka kusa da masunta bayan na nemi izinin babbansu. Ita ma Tiga madatsa ce, an gama ta a 1974, ita ma ta tashi ƙauyuka. Gwajin ya tona asirai: gadon ya yi tsawo Inna ba ta iya hawa sai an ɗaga ta, fankar ta mutu kafin tsakar dare, risho ya cika motar da hayaƙi. Ni da yaron a tabarma muka kwana a waje, sauro ya yi walima.

Da asuba na farka na ga gadon ba kowa. Gabana ya faɗi. Can na hango ta a bakin ruwa, ta idar da salla, tana tsaye kusa da wani saurayi da ke shirin tura kwalekwalensa. Kafin in ƙarasa har ta tattare zane ta shiga, matar da sai an riƙe ta take hawa dakalin ƙofar gida. Ta zauna daram a tsakiya, jirgin bai ko girgiza ba. Ta ce wa yaron, "Ba haka ake riƙe filafili ba, ɗana, kawo." Ta karɓa ta ja sau uku ko huɗu, jirgin ya juya ya miƙe. Masuntan da ke gaɓa suka bar abin da suke yi suna kallo. Shekara arba'in da biyar ina tare da matar nan ban san ta iya wannan ba.

Da ta fito na ga lokaci ya yi da zan faɗa mata abin da nake ta ɓoyewa. Na ce, "Inna, kin san fa gungun nan ruwa ya cinye shi. Ko mun je, wataƙila ba abin da za ki gani."

Ta dube ni kamar na faɗi wauta. Ta ce, "Ni za ka gaya wa? Ina tsaye ruwan ya shiga ɗakin uwata, ni na ɗauko turmi. Kabarin kakana yana ƙarƙashinsa. Ku kai ni kan wurin kawai ku tsayar da jirgi, akwai wani dutse a gaɓar gabas, in na gan shi na san inda nake. In yi musu addu'a, in taɓa fuskar ƙanwata, mu dawo."

Ashe duk wahalar zaɓen bazara da nake yi, ni ne mai son ganin tudu. Ita cikar ruwa ba ta dame ta ba. A wurin na yanke shawara: bayan damina za mu tafi, farkon sanyi, kafin hazo ya yi ƙarfi.

Yaron nan nawa ya ɗauki hoton Inna da filafili a waya, kuma ba tare da ya gaya mini ba ya tura wa Yaya. Ranar Talata da hantsi sai ga Yaya a ƙofar gidana a kan babur, da ƙullin kaya a baya. Ya kwance ya zube: rigunan kariya guda biyar, daga Kano ya sa aka sayo. Na ƙirga, na ce ai mu huɗu ne. Bai dube ni ba. Ya zagaya motar, ya daddanna tayoyin da ƙafa, ya ce biyu na baya ba za su kai Gusau ba, a canza. Sannan ya leƙa ciki ya ce, "To ni a ina zan zauna?"

Jiya na koma wurin mai walda. Gadon za a rage masa tsawo, kuma kujera ɗaya cikin waɗanda na biya aka cire, sai na sake biya a mayar da ita.