A Lawrence Na Ga Garin da Ƙwallon Kwando Ya Mallake

Tun ba a jefa ƙwallo sama ba kunnuwana suka toshe. Ɗan yayata yana gefena yana ta nuna mini wani abu da hannu, daga motsin leɓensa kawai na gane "Kawu" yake cewa. Bencin da muke kai yana girgiza. Da aka fara kiran sunayen 'yan wasan baƙi, sai na ga dubban ɗalibai sun ɗaga jaridu sun rufe fuskokinsu, wai ba su ma san da zuwansu ba. Ana soma kiran na gida suka yayyaga jaridun nan suka watsa sama, takarda ta yi ta zubo mana a ka, ihu ya tashi irin wanda mutum yake ji a ƙirjinsa kafin ya ji a kunne. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Kuma fa waɗanda ake yi wa wannan duka yara ne 'yan jami'a, wasu ba su cika shekara 20 ba, gobe da safe suna da lacca!

Sunan wurin Allen Fieldhouse, a Jami'ar Kansas da ke Lawrence, wani gari a tsakiyar Amurka da mutanensa ba su kai 100,000 ba. Tsohon gini ne na dutse da aka buɗe a 1955. Shekaru da yawa yana ɗaukar mutum 16,300, sai a gyaran baya-bayan nan aka rage kujeru zuwa 15,300. A cikinsa ne a watan Fabrairun 2017, a wasa da West Virginia, aka auna ihun 'yan kallo ya kai desibel 130.4, ya shiga kundin Guinness. Na sha jin ana cewa Amurkawa suna son wasannin jami'a. To, gani ya kori ji.

Na zo ne duba yaron nan da ke karatu, ba kallon wasa ba. Shi ya matsa. Tun kwanaki kafin wasan ya kai ni barandar ginin, na tarar da ɗalibai zube a ƙasa da barguna da littattafai da kwamfutoci, a cikin sanyin hunturu mai ratsa ƙashi. Layi suke tsaro. Sun kasu ƙungiya-ƙungiya, an yi musu ƙuri'a, kuma dole kowace ƙungiya ta ajiye mutum ɗaya a wurin tun da asuba har dare. In aka kira sunanku babu kowa, kun rasa gurbinku. Duk don su samu zama kusa da fili. Wata yarinya tana bitar darasin kimiyyar haɗa sinadarai a kan cinyarta, ta ce mini kakarta ma a nan ta kalli wasa.

Daga nan ya ja ni zuwa ginin da ke manne da filin, DeBruce Center, ya tsayar da ni a gaban wani gilashi. Takardu biyu ne a ciki, an buga su da tafireta, sun yi ja don tsufa. Dokoki 13 na farko na ƙwallon kwando! Su ɗin dai, waɗanda James Naismith, mutumin Kanada, ya tsara a 1891 a garin Springfield na jihar Massachusetts, lokacin da ya rataye kwandunan 'ya'yan itace biyu don samar wa samari abin motsa jiki a cikin ɗaki lokacin sanyi. Naismith ya zo Kansas a 1898, shi ne kocin farko na wannan jami'a, a Lawrence aka binne shi, titin da ke gaban filin ma sunansa yake ɗauke da shi. Da aka sa takardun a gwanjo a 2010, wani tsohon ɗalibi, attajiri David Booth, ya biya dala miliyan 4.3 ya kawo su gida. Abin da ya fi ba ni mamaki, kuma kowa a garin zai faɗa maka yana murmushi: a duk kociyoyin da jami'ar ta yi, wanda ya ƙirƙiro wasan ne kaɗai rashin nasararsa ya fi nasararsa yawa, 55 da 60. Almajirinsa Phog Allen, wanda aka sa wa ginin sunansa, shi ya horar da Adolph Rupp da Dean Smith, waɗanda suka je suka gina ƙungiyoyin Kentucky da North Carolina. A wannan filin Wilt Chamberlain ya yi wasa. Na tsaya ina kallon takardun nan, bakina a buɗe.

Bayan wasa muka gangara titin Massachusetts, inda gidajen abinci suke, muka zauna teburi ɗaya da wasu dattawa biyu, mata da miji, da wani matashi direban babbar mota. A nan na yi tambayar da ta buɗe mini ƙofar komai. Na ce, to ku wace ƙungiya kuke goyon baya a NBA?

Dattijon ya ajiye cokali. Ya ce tun da ƙungiyar Kings ta kwashe kayanta daga Kansas City ta koma Sacramento a 1985 ya daina sa zuciyarsa a kan abin da attajiri ɗaya zai iya ɗauka ya kai wani gari. Jami'a kuwa ba ta ƙaura. Matarsa ta karɓe: a NBA wasa 82 ake yi kafin a shiga zagayen ƙarshe, wa zai kashe kansa a daren Talata cikin Janairu? A nan kuwa minti 40 ne kacal, rabi biyu, kuma in gasar kofin ƙasa ta watan Maris ta zo, an ci ka sau ɗaya ka koma gida. Direban bai yarda ba. Ya ce su daina yaudarar kansu, ƙungiya mafi rauni a NBA za ta lallasa zakaran jami'o'i da tazarar da ba a faɗa, kuma duk yaron da ke cikin filin can mafarkinsa ke nan ya tafi can. Suka kaure. Ni dai kaina yana ta juyawa daga wannan zuwa wancan.

Da suka ji daga Najeriya nake, sai fuskokinsu suka washe. Udoka Azubuike! Ochai Agbaji! Suna kiran sunayen nan tiryan-tiryan. Azubuike ɗan Najeriya ne, ya yi shekara huɗu a nan, daga 2016 zuwa 2020. Agbaji mahaifinsa ɗan Najeriya ne, shi ma shekara huɗu ya yi, kuma shi aka zaɓa gwarzo a 2022, daren da Kansas ta tafi hutun rabin lokaci a New Orleans North Carolina tana gaba 40 da 25, ta dawo ta ci kofi 72 da 69. Na ce to Joel Embiid fa, ɗan Yawunde, wanda ya zama gwarzon NBA gaba ɗaya a 2023? Suna alfahari da shi, babu shakka. Amma dattijuwar ta ɗaga yatsa ɗaya: shekara ɗaya ya yi. A ma'auninta, wanda ya zauna har ya gama, aka yi masa bankwana a wasan gida na ƙarshe yana riƙe da makirufo yana kuka, iyayensa na tsaye, shi ne ɗan gida. Na fahimce ta sarai, kuma zuciyata tana wajenta.

Sai hira ta juya kan shugabanni, kuma a nan ne na gyara zama. Akwai muƙami a kowace babbar jami'ar Amurka da ake kira daraktan wasanni. Shi ke ɗaukar koci, shi ke korarsa, shi ke neman kuɗi wurin masu hannu da shuni, shi ke yanke kuɗin tikiti, shugaban jami'a kuma shi ke naɗa shi. Mutanen nan uku, babu wanda yake aiki a jami'ar, amma suka jero mini daraktocin nan ɗaya bayan ɗaya, da shekarunsu, da laifin kowa.

Al Bohl suka fara ambata. Bai jitu da koci Roy Williams ba. A watan Afrilun 2003, kwana biyu bayan Kansas ta sha kashi a hannun Syracuse a wasan ƙarshe na kofin ƙasa, jami'a ta sallami Bohl, ya tara 'yan jarida a ƙofar gidansa ya ɗora wa Williams alhakin. Kowa ya ɗauka an kori darakta ne don koci ya zauna. Ba a yi mako guda ba Williams ya tafi North Carolina! Dattijon yana ba da labarin nan muryarsa na rawa, sama da shekara 20 bayan faruwarsa. Bill Self aka ɗauko daga Illinois ya maye gurbin, har ya ci kofin ƙasa a 2008 da 2022.

Da aka zo kan Lew Perkins, matar ce ta karɓi magana, kuma ba ta yi dariya ba. A zamaninsa aka kawo tsarin maki, wanda ke raba kujeru gwargwadon gudummawar kuɗin da mutum ya ba sashen wasanni. Kafin nan iyali kan riƙe kujerunsu kamar gonar gado, daga kaka zuwa jika. Rana ɗaya aka ce wanda ya fi bayarwa shi ne a gaba. Ta ce maƙwabtanta na benci, waɗanda suka tsufa tare, aka watsa su zuwa can sama kusa da rufi. Sai kuma a 2010 ta bayyana cewa wasu ma'aikatan sashen suna karkatar da dubban tikiti suna sayarwa a aljihunsu, har wasu suka tafi gidan yari. Ba a tuhumi Perkins da laifin ba, ya yi ritaya a wannan shekarar. Direban ya tsoma baki ya ce a yi adalci, a zamanin mutumin nan kuɗi suka shigo, aka ci kofin ƙasa, ƙungiyar ƙwallon Amurka ta jami'ar ma ta ci Orange Bowl a farkon 2008. Ta dube shi ta ce kofi ba ya mayar wa tsoho kujerarsa.

Sheahon Zenger, an sallame shi a 2018 saboda ƙungiyar ƙwallon Amurka ta kasa tashi. Jeff Long, wanda a 2019 sai da ya fito ya nemi afuwa bayan wasan da mawaƙi Snoop Dogg ya yi a cikin filin nan a daren buɗe kaka, ya tafi a Maris 2021, kwanaki kaɗan bayan kocin ƙwallon Amurka da ya ɗauko, Les Miles, ya rasa aikinsa kan zarge-zargen da suka biyo shi daga tsohuwar jami'arsa. Sai Travis Goff, ɗan jihar, tsohon ɗalibin jami'ar, wanda suke ambata da sassauci.

Na ce tsaya, me ya haɗa garin ƙwallon kwando da korar mutum saboda wani wasan daban? Ashe nan gizo yake saƙa. Manyan kuɗin talabijin a wasannin jami'a ƙwallon Amurka ke jawo su. Da Texas da Oklahoma suka sanar a 2021 cewa za su fice daga rukunin Big 12 da Kansas take ciki, hankalin mutanen Lawrence ya tashi, don sun gane cewa duk tarihin Naismith da kofunan da ke rataye ba za su saya musu gurbi a teburin manya ba in ƙungiyarsu ta ƙwallon Amurka tana kwance. Kansas ta lashe Big 12 sau 14 a jere, daga 2005 zuwa 2018, amma makomarta tana hannun wasan da ta fi rauni a kai. Wannan ya tsaya mini a rai.

Ban bar su sun tsallake maganar binciken FBI ba, wanda ya fito fili a 2017, kan kuɗin da mutanen kamfanin Adidas suka riƙa bai wa iyalan wasu 'yan wasa. Sunan Kansas ya fito a ciki. A Oktoban 2023 aka yanke hukunci: an soke nasarori 15 na kakar 2018, har da kaiwarsu zagayen ƙungiyoyi huɗu na ƙarshe, aka sauke tutar wannan nasarar daga rufin filin. Teburin ya yi tsit na ɗan lokaci. Dattijon ya ce kowa yana yi, su aka kama. Matarsa ta ce ruwa ba ya tsami banza, kuma ita ta ji kunya. A nan ina tare da ita. Amma direban ya faɗi abin da na kasa amsawa: shekara da shekaru ana cika filin nan, ana biyan koci miliyoyi, ana sayar da riga mai lambar yaro, shi yaron kuwa in ya karɓi ko sisi ya zama mai laifi. Wa ya fi wa zalunci?

Yanzu dokar ta sauya. Tun Yulin 2021 ɗan wasa na iya cin kuɗin talla da sunansa. A Yunin 2025 kotu ta amince da sulhun da ya ba kowace jami'a damar biyan 'yan wasanta kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Kuma yaro na iya sauya jami'a ya buga wasa nan take, ba tare da zaman jira ba. Wato abin da dattawan nan suka guje wa a NBA ya biyo su har gida. Dattijuwar ta ce ba ta ƙi a biya yara ba, haƙƙinsu ne, guminsu ne. Abin da ke cin ranta shi ne kowace kaka sai ta sake koyon sunaye, kuma ba ta san ko za a sake samun irin Agbaji ba, wanda ya zo ba a san shi ba ya girma a gaban idonta.

Kan rabon kuɗin nan suka sake kaurewa, har mai kawo abinci ta tsaya tana sauraro da faranti a hannu. Nawa Goff zai ware wa ƙwallon kwando, nawa ga ƙwallon Amurka, me zai rage wa 'yan mata da masu guje-guje? Direban yana son a zuba a inda talabijin take. Dattijon ya buga teburi ya ce a Lawrence ƙwallon kwando ne farko. Mai kawo abincin ta ce ita 'yar wasan raga ce a makarantar sakandare, kuma ba ta ji wanda ya ambace su ba. Dattijuwar ta buɗe jaka ta zaro biro, ta jawo takardar goge hannu, ta ce wa yarinyar ta maimaita a hankali, don wasiƙar da za ta aika wa ofishin darakta a makon nan da wannan za ta fara.