Gyaran birkin Hilux ɗin Kawu a Malanville

Litinin

Yau aka ɗaga Hilux ɗin Kawu a gareji, bayan kasuwa. Tsohuwar mota ce daga Kwatano, mai jan ƙafa huɗu. Wanda ya riƙe ta kafin mu ya ƙara mata ganyen sifirin a baya, ya sa manyan tayoyi, don ta ɗauki kaya ta kuma ratsa laka. Da ita muke kai taki gonakin shinkafa na gefen kogin Sota, mu dawo da buhuna. Birki ne kawai bai taɓa ba. In an yi lodi, sai ƙafa ta nutse kafin mota ta san ana magana da ita.

Kawu ya zo da shawararsa a aljihu: a sayo manyan fayafayan birki irin na Land Cruiser a ɗaura. Makanikin, dattijo Badende mai Hausa garau, ya ce, “Alhaji, bari a buɗe tukuna. Ba a yi wa mara lafiya allura daga bakin ƙofa.”

Talata

An kwance ƙafafu huɗu. Takalman birkin gaba sun cinye saura ƙiris ƙarfe ya hau ƙarfe, fayafayan kuma sun yi shuɗi-shuɗi saboda zafi. Ya nuna min lambar da ke jikin faifan, wadda ke faɗin kaurin da bai kamata ya gaza ba, sannan ya auna. Sun gaza. Da yaron gareji ya bugi tambur ɗin baya ya zare, busasshiyar laka ce ta zubo, cikin tafi biyu, amma takalman ciki ba su ci komai ba.

Nan dattijo ya kwanta ƙarƙashin mota ya kira ni. “Ɗana, leƙo ka ga ɓarawon.” Wani ɗan bawul ne a jikin shasi, da siririn ƙarfe da ya tafi ya kama gadar baya. Aikinsa auna nauyi: in mota ta zauna da kaya, sai ya ƙara wa ƙafafun baya ƙarfin birki, in fanko ce, ya rage, kada baya ya kulle ta juya. To, tun da ƙarin ganyen sifirin ya ɗaga motar, bawul ɗin kullum fanko yake gani, ko da buhu ya kai rufi. Gaba kaɗai ke tsayar da ita. Ga kuma babbar taya, wadda ita ma ke rage wa birki ƙarfi, tunda faifan bai girma tare da ita ba.

Laraba

Ranar jiran kaya. A da, abin da babu a nan sai a haye gada zuwa Gaya ta Nijar. Tun da aka rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, wannan sauƙin ya tafi. An yi waya Parakou, sama da kilomita 300 kudu, aka ce a sa a motar dare.

Wani mai shago ya kawo mana takalma a kwali mai sunan Toyota, da araha mai ban tsoro. Dattijo ya kankare gefen ɗaya da farce, ya ga yana marmashewa, ya mayar cikin kwali ba tare da ya ce uffan ba. Kawu ya so a yi ciniki. “Alhaji,” in ji shi, “araha ba ta ado. Wannan kafin Kandi ya ƙare.”

Alhamis

Kaya sun iso da hantsi: faifai biyu daidai ƙirar motar, takalma, da tiyoyin birki masu saƙar waya, dogaye fiye da na da. Tsofaffin na roba sun tsattsage, kuma ɗaga motar ya sa na baya yana miƙewa tsam duk lokacin da ƙafa ta faɗa rami. An wanke tambur, an sa sabbin robobi a silindar baya. Mai walda ya yanko ɗan ƙarfe daidai tsawon da aka ƙara wa motar, aka ɗaga maƙalin bawul da shi. Duk cikin aikin nan shi ne mafi ƙarancin kuɗi.

Da aka zuƙe tsohon man birki, baƙi ne kamar shayin da ya kwana. Man birki yana shan damshi daga iska, in ya sha kuma sai ya riƙa tafasa da wuri, tururi ya shiga layi, feda ta tafi ƙasa. Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 kuwa 230, amma DOT 3 da ya jiƙe yana iya saukowa wajen 140. DOT 4 muka zuba, daga gwangwanin da aka fasa a gabanmu.

Juma’a

Bayan masallaci aka cire iska. Ni ke kan feda, dattijo na ƙasa da sifana, yaro na tsaye da gwangwani kada tankin ya ƙafe. An fara da ƙafar da ta fi nisa da babbar silinda. “Taka! Taka! Riƙe!” Sai in ji feda ta sulale ƙarƙashin ƙafata. “Saki!” Haka ƙafa bayan ƙafa, har bawul ɗin ma, sai da kumfa ta daina fita a kwalba.

La’asar muka hau kwalta wajen Guene. Dattijo ya sa na riƙa kaiwa gudun 60 in sauko 10 ba tare da tsayawa cak ba, a jere, don sabon takalmi ya zauna kan faifai. Warin ƙuna ya tashi, ya ce haka ake so.

Asabar

Gwajin gaskiya, da lodin taki, a hanyar fadama. Feda tana kamawa tun daga sama, mota ta tsaya a miƙe, ba ta dungura da hanci. Da muka ratsa wani kwari mai ruwa, na ɗan dafa birki muna tafe har ya bushe, kamar yadda aka koya min.

Dattijo ya rubuta ranar yau da fenti a cikin bonet: a sauya man birki bayan shekara biyu, a buɗe tambur a wanke ƙarshen kowace damina. Kawu ya ji daɗi har ya tambaya ko yanzu za a iya ƙara buhu biyar.

“Alhaji, birki na gyara, ban ƙara mata ƙashi ba. Abin da Toyota ta rubuta ta ɗauka, shi za ta ɗauka.”

Kawu ya ce za su sake magana bayan girbi.