Ƙiriniya Ko Lalura? Yadda Muka Yanke Shawarar Ba Ɗanmu Magani

A kusan kowace unguwa akwai yaron da aka yi wa tambari da rashin ji. Shi ne ba ya iya zama a tabarma har a gama cin abinci, shi ne idan an aike shi sayen magi zai dawo hannu rabbana domin ya manta saƙon, shi ne malaman boko da na Islamiyya suka gaji da kawo ƙararsa. Ɗana na uku irin wannan yaron ne, kuma ina so in ba ku labarin shawara mafi nauyi da muka taɓa yankewa a kansa, ko Allah zai sa wata ta amfana.

Yana da shekara takwas muka kai shi wurin likitar ƙwaƙwalwa mai duba yara. Ba ta yanke hukunci a zama ɗaya ba. Sai da aka gwada idonsa da kunnensa, ta tambayi yadda yake barci, ta ba mu takardun da malamansa za su cike. Bayan nan ta ce yana da lalurar ƙarancin natsuwa da yawan motsi, wadda likitoci ke kira ADHD. Ta ce ba a tabbatar da ita sai alamun sun fara kafin shekara 12, sun kai aƙalla wata shida, kuma ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta. Kimanin yara 5 cikin 100 a duniya suna da ita, gado kuma yana da babban hannu a ciki. Ba aikin aljanu ba ne, ba kuma gazawar uwa ba ce.

Ba da magani aka fara ba. Wata shida muka yi muna bin tsarin da ta koya mana: umarni ɗaya a lokaci ɗaya, lokacin barci tsayayye, zama a layin gaba a aji, hadda aya biyu-biyu, da yabo nan take idan ya yi daidai. Gida ya yi sauƙi, amma a makaranta yana nan jiya i yau. A nan ne likita ta kawo maganar wani magani mai suna metilfenidet, wanda aka fi sani da Ritalin.

Maigida yana ji ya ce, "Ni ba za a mayar mini da ɗa ɗan ƙwaya ba." Ban ga laifinsa ba, domin duk mun ga abin da kodin ya yi wa matasanmu har gwamnatin Najeriya ta hana sarrafa maganin tarin da ke ɗauke da shi a 2018. Surukata kuwa cewa ta yi, "Ke 'yar nan, ubansa ma haka ya yi yana yaro, ga shi ya zama mutum. Ku kai shi ƙauye wurin kawunsa, bulala za ta daidaita shi." Ni kaina tsoro ya hana ni barci.

Sai na rubuta tambayoyina a takarda, na lallaɓa maigida muka koma tare. Likita ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce maganin yana ƙara ƙarfin saƙonni a sashen ƙwaƙwalwar da ke riƙe hankali a kan abu ɗaya. Ba ya warkar da lalurar. Ƙwaya mai gajeren aiki takan yi kamar awa huɗu ta saki. Yana rage cin abinci, yana iya hana barci, yana iya ɗan rage saurin girma, shi ya sa ake auna nauyi da tsawo da bugun zuciya. Ta ba mu labarin wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 1999, a kan yara 579 na tsawon wata 14. Waɗanda aka ba magani bisa kulawa sun fi samun sauƙin alamun a kan waɗanda aka yi wa horon ɗabi'a kaɗai, amma da aka bi su bayan wasu shekaru, tazarar ta ragu ƙwarai. Game da tsoron maigida, ta ce bincike bai nuna cewa yaron da aka ba maganin bisa ƙa'ida ya fi faɗawa shaye-shaye ba, sai dai magani ne da ake iya yin ɓarna da shi, don haka sai an kulle shi.

Abin da ya karya mini zuciya daga bakin yaron ya fito. Wata rana bayan sakamakon jarrabawa ya ce, "Umma, ni daƙiƙi ne ko? Kowa haka yake cewa." Yaron da ke iya kwance rediyo ya mayar! A wannan watan kuma saura ƙiris Adaidaita Sahu ta buge shi, domin ya afka titi bai duba ba. Sai na ce wa maigida, "Malam, hana shi maganin ma shawara ce, ita ma tana da nata farashin, kuma shi yake biya kullum."

Muka yi istihara, muka tambayi malami, ya tunatar da mu cewa neman magani ba ya kore tawakkali. Muka yi yarjejeniya: gwaji na wata uku da mafi ƙarancin awo, ƙwayar tana kulle a hannuna, ina rubuta cinsa da barcinsa a littafi. Idan illa ta fi amfani, a daina da sanin likita.

Makon farko ya ƙi abincin rana, sai na riƙa ƙosar da shi da koko da ƙosai ko ƙwai kafin ya sha da safe, da dare kuma in ƙara masa tuwo. Cikin wata guda malaminsa ya aiko cewa yana gama aikin aji. Haddarsa da ta tsaya cak ta motsa. Ƙiriniya tana nan, har yanzu yana ɓatar da takalmi, kuma tsarin gida bai sauya ba ko kaɗan. Samun maganin ma wani aiki ne, ga tsada. Duk shekara mukan zauna da likita a duba ko har yanzu yana buƙatarsa.

'Yar'uwa, ban ce ki bi sawuna ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaron da bai kai shekara shida ba, da koyar da iyaye dabarun reno ake farawa. Wani yaron ma tsarin kaɗai ya ishe shi. Amma ki kai shi a duba shi a asibitin koyarwa ko na ƙwaƙwalwa kafin a yanke masa hukunci, kada ki saya a kemis, kada kuma ki karɓi ragowar na ɗan wata.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya ba mu ikon sauke amanarsu, amin.