Tsohuwa da gonarta a Mayo

A gundumar Mayo, can yammacin Irlanda, wata tsohuwa tana zaune a gidan da aka kai ta amarya. Ƴaƴanta huɗu. Biyu sun daɗe a Landan, autan kuwa ya tafi Ostareliya bayan tattalin arzikin ƙasar ya karye a shekara ta 2008. Babbar ɗiya ce ta bar aikinta a Dublin ta komo gida.

Kowace Lahadi takan kira ƴan'uwanta ta ba su labari: tumaki sun haihu, ruwan sama bai ɗauke ba, Inna ta faɗi a bakin ƙofa amma ba ta karye ba. Abin da take ɓoyewa shi ne, tsohuwar ta fara kiranta da sunan wata ƙanwarta da ta rasu.

Likita ya kawo maganar gidan kula da tsofaffi. Bisa dokar 2009, gwamnati tana taimakawa, amma tsohuwar za ta riƙa ba da kashi 80 cikin 100 na kuɗin shigarta, da kashi 7,5 na darajar dukiyarta kowace shekara. Tun 2021 an taƙaita kason gona zuwa shekara 3, muddin wani daga dangi ya yi alkawarin noma ta shekara 6.

Na waje suka ce a sa hannu. Amma wa zai riƙe gonar shekara 6 ɗin? Ita ce. Takardar tana nan kan tebur, ba ta taɓa ta ba tukuna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.