Sitiyarin da ya yi laushi fiye da kima

A Amurka akwai mutanen da suka ɗauki gyaran tsofaffin motoci kamar yadda wasu a nan suka ɗauki kiwon doki. Waɗanda suka fi so su ne na 1964 zuwa farkon shekarun 1970, irin su Pontiac GTO, Chevrolet Chevelle da Dodge Charger. Suna ce musu motoci masu ƙwanji, don an cusa ƙaton inji mai silinda takwas cikin mota matsakaiciya. GTO ta 1964 injinta ya kai lita 6.4.

Ni malami ne mai horar da sabbin malamai, kuma neman misalin dokar Pascal da zan ba ɗalibaina ne ya kai ni ga kallon aikin waɗannan masu gyara. Abin da ya riƙe ni shi ne sitiyari.

Duk wanda ya taɓa juya sitiyarin tsohuwar Peugeot 504 tana tsaye cike da kaya ya san yadda kafaɗa ke ji. Don kawar da wannan wahala ne kamfanin Chrysler ya fito da sitiyari mai taimakon mai a motarsa Imperial a 1951. Inji yana juya famfo, famfo yana tura mai da ƙarfi zuwa akwatin sitiyari. A motocin General Motors, cikin akwatin akwai wani siririn sandan ƙarfe. Idan direba ya juya, sandan ya ɗan murɗe, murɗewar ta buɗe wa mai hanya, mai ya tura tayoyin gaba. Iya sirantar sandan, iya saurin zuwan taimako.

A lokacin, masu saye laushi suke so, sai aka ba su har ya wuce kima. Da yatsa ɗaya kana juya motar da ta fi tan ɗaya da rabi. Amma hannun direba ya daina jin hanya: ko taya ta fara sulɓewa a kwana, sitiyari ba ya gaya masa komai. Ga kuma jinkiri, don sai ka juya wajen sau huɗu daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama. A mota mai irin wannan gudu, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

To, me masu gyara ke yi yau? Rage taimakon suke yi. Mai Chevelle ko GTO yakan cire tsohon akwatin ya ɗaura na Jeep Grand Cherokee ta shekarun 1990, wanda ke zama daidai a mazauninsa. A tsohon, sai sitiyari ya juya digiri 17.5 kafin ya ba da digiri ɗaya. A sabon, 12.7 sun isa, juyi huɗu ya koma wajen uku. Sandan cikinsa kuma ya fi kauri, sai direba ya sa nasa ƙarfin kafin mai ya kama masa. Sitiyarin ya ƙara nauyi, direba kuwa ya koma jin abin da ke ƙarƙashin tayarsa.

Akwai kuma tsarin aiki. Gwanayensu ba sa fara sayen akwati. Sai sun duba mahaɗan ƙafafun gaba da robobinsu, sun canza duk wanda ya ci. Sabon akwati bisa sassan da suka yi sako-sako ɓarnar kuɗi ce.

Wannan ne ke sa ni tunanin ajinmu da gidajenmu. Ina ganin sabon malami ya yi tambaya, yaro bai gama buɗe baki ba ya ba shi amsa, don tausayi ko don tsoron shiru a gaban mai duba aiki. Ina ganin uba ko yaya ya karɓi littafin yaro da dare ya yi masa lissafin gida duka. Maki ya yi kyau, kowa ya ji daɗi, amma yaron bai san inda yake sulɓewa ba, mu ma ba mu sani ba, sai ranar jarrabawa da ba mai kama masa.

Ban ce a janye taimako ba. Masu gyaran nan ba su cire famfo ba, kuma yaron da aka bari shi kaɗai da abin da ya fi ƙarfinsa zai tsani karatu. Abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne: ku yi tambaya, ku ƙirga har goma a zuci kafin ku sa baki. Idan yaro ya kasa raba lamba, ku fara duba ko ya riƙe ninkawa. Iyaye kuma, ku zauna kusa da shi, amma alƙalamin ya zauna a hannunsa.